Littafin Aikin Ƙaramar Tirelar Gona: Abin da Sikeli Ya Nuna Mini

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin ajiye lissafin ƙaramar tirelar da nake son haɗawa, wadda a-kori-kurata za ta riƙa ja daga gonata da ke yankin Tudun Wada zuwa kasuwar Dawanau. Bara kuɗin motar haya ya cinye mini kusan buhu bakwai na masara, kuma sau biyu amfanin gona yana kwana a fili ana jiran direban da ya yi alkawari bai zo ba. Yau na kai wa mai walda zanen da na yi: bodi mai tsawon mita 2.5 da faɗin mita 1.5, aksul ɗaya, taya biyu. Da ya duba takardar sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai wannan amalanke ce, tirela kuma sai Dangote." Na ce masa burina ta ɗauki buhu 20, wato tan biyu, ya ce in dai ya sa ƙarfe mai kauri ko 30 za ta ɗauka. Na ba shi kafin alƙalami na naira 60,000 daga cikin 120,000 da muka yi tsada.

Laraba, 25 ga Satumba

Na sayo ƙarafa da faranti a Ƙofar Ruwa, naira 410,000 har da dako. Mai walda ya samo aksul ɗin baya na wata tsohuwar bas a kan naira 85,000, na biya.

Asabar, 28 ga Satumba

Yau lissafina ya rushe, kuma da hannuna na rushe shi. Ina neman takardun mota a cikin akwatin gaba sai na ci karo da littafin da ta zo da shi daga Turai, wanda tun da na saye ta ban taɓa buɗewa ba. A shafin da ke magana kan jan tirela an rubuta adadi biyu: kilo 750 idan tirelar ba ta da birkinta, kilo 2,250 idan tana da shi. Na buɗe ƙofar mota na goge ƙurar da ta rufe wani ɗan faranti da ke jikin ginshiƙi, na tarar da lambobi huɗu a jere. Na farko, 2,730, shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har direba da mai. Na biyu, 4,980, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Sauran biyun, 1,250 da 1,600, iyakar abin da aksul ɗin gaba da na baya za su ɗauka ne, kowanne da nasa. Idan aka cire na farko daga na biyu ana samun 2,250, daidai da abin da littafin ya faɗa.

Matsalar ita ce aksul ɗin bas da muka saya babu wani shiri na birki da aka yi masa, kuma ni da mai walda ba mu taɓa kawo maganar birki ba. Bisa kiyasin ƙarfen da na saya, tirelar ba kaya za ta haura kilo 500. Idan iyakata 750 ce, abin da ya rage bai wuce kilo 250 ba, wato buhu biyu da ɗan ƙari. Ke nan zan kashe kusan miliyan guda in haɗa abin da babur mai ƙafa uku ya fi shi amfani.

Da na je na yi wa mai walda bayani, bai yarda ba. Hujjarsa ita ce ya sha ganin irin motata tana jan motar da ta lalace daga Zariya har Kano. Na ce masa ban musa ba, injin zai ja, amma a motar da ake ja akwai mutum zaune yana taka nata birkin. Birkin motata an ƙera shi ne domin ya tsayar da kilo 2,730, in na ɗaura mata tan biyu da rabi a baya ba birki, ranar da akuya ta tsallako titi tirelar ce za ta tura ni. Ya yi shiru, sannan ya ce to sai in nemo aksul ɗin da nake so, shi dai aikinsa walda.

Talata, 8 ga Oktoba

Kwana goma ina yawon neman aksul mai birki. An gama shasi da bodi ana jira.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na samu a wajen masu sayar da kayan Beljiyam, an ciro shi daga wata tirela da aka yanka, tare da wuyanta da bakin da ke kama ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da ake kafawa a bayan mota domin maƙala tirela. Naira 340,000 bayan doguwar tayawa. Tsohon aksul na sayar da shi 60,000, asarar 25,000 ke nan.

Yadda birkinsa ke aiki ya burge ni, domin babu mai, babu wayar wuta. A cikin wuyan akwai sanda mai shiga da fita. Idan mota ta rage gudu, tirela na matsowa ta danne sandar, ita kuma sandar ta ja wayoyin ƙarfe biyu da ke zuwa gangar birkin kowace taya. Gwargwadon yadda na taka birki, gwargwadon yadda take kama nata. Akwai kuma wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda in tirela ta ɓalle za ta finciko birkin hannu ta tsayar da ita. Farantin bakin ya ce kilo 2,000, na aksul ya ce 1,800. Tun a nan buhu 20 ta fita daga lissafi, tunda kayan kaɗai sun kai tan biyu.

Laraba, 16 ga Oktoba

An ɗaura ƙarfen ja a motar. Mai walda ya so ya liƙa ƙwallon a jikin bamba, na ƙi, saboda bamba ado ce da kariya, ba a yi ta domin ja ba. Na sayi ƙarfen da aka ƙera wa irin motar, wanda ake ɗaurewa da noti a ramukan da ke jikin shasi, naira 95,000. Ƙwallon milimita 50 ne, daidai da bakin tirelar. Na tsaya a kan wannan sosai domin akwai ƙwallon Amurka mai inci biyu, wato milimita 50.8, da wani ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas, kuma da ido ba a rabe su. Ƙaramin yana shiga baki lafiya lau, sai an faɗa rami ya fice. A farantin ƙarfen akwai harafin S da kilo 100 a gabansa, wanda shi ne iyakar nauyin da wuyan tirela zai danna a kan ƙwallon.

Asabar, 19 ga Oktoba

Tayoyin da aksul ya zo da su suna da zane mai kyau, har na yi murna cewa na huta da sayen taya. Ɗan ƙanwata da ke taya ni aikin ne ya karanto mini rubutun gefe: 175/70R13 82T. Lamba 82 ɗin ita ce ma'aunin nauyin da taya ke iya ɗauka, kuma a jadawalin masu ƙera taya tana nufin kilo 475. Biyu sun ba da 950. Aksul mai ɗaukar 1,800 a kan tayoyin ƙaramar motar gida, wanda ya haɗa su ya dai so ya sayar ne. Da muka duba lambobi huɗun ƙarshe na ranar ƙira sai muka ga 3815, wato mako na 38 na shekarar 2015. Shekara tara ke nan, alhali Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta.

Na sayi sababbi uku har da ta safaya, 185R14C masu lamba 102/100, kowace naira 78,000, da wili uku masu inci 14 a kan 45,000. Harafin C na nuna taya ce ta motar kaya. Lamba 102 na nufin kilo 850 idan taya ɗaya ce a kowane gefe, 100 kuma kilo 800 idan an jera biyu-biyu. Nawa ɗaya-ɗaya ne, saboda haka biyun sun ba ni 1,700. Yanzu ga jerin da nake da shi: mota ta yarda da 2,250, baki 2,000, aksul 1,800, taya 1,700. Na ɗauki na ƙarshen a matsayin iyakata, domin shi zai fara gazawa.

Mai faci ya sa musu iska 40 kamar yadda ya saba, na sa ya ƙara zuwa 65 da ke rubuce a jikinsu. Kilo 850 ɗin nan sai da cikakkiyar iska taya ke ɗaukarsa. In iska ta yi ƙasa, gefen taya na lanƙwasawa yana zafi har ta fashe.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Fitilun baya, sigina da soket mai baki bakwai, 28,000. Sarƙa biyu da ƙugiyoyinsu, 18,000, an ɗaura su a gicciye ƙarƙashin wuya domin in ƙwallo ya saki su tallafe shi kada ya caki ƙasa. Fenti 22,000.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na kai mota da tirela sikelin manyan motoci na wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Zariya, na biya 3,000. Tirela ba kaya kilo 520. Mota da cikakken tanki, da ni a ciki, da jak da safaya da akwatin kayan aiki, 2,040, gaba 1,140 baya 900. A zatona ba za ta wuce 1,900 ba, na manta da ƙarfen ja da kejin da na sa wa bodinta shekara biyu da suka wuce.

Ga yadda lissafin ya tsaya. A tirela, 1,700 a cire 520, saura 1,180. A mota, 2,730 a cire 2,040, saura 690, kuma daga ciki sai an cire nauyin yaron da zai raka ni da nauyin da wuyan tirela ke dannawa, domin wannan a kan mota yake zaune ko da yake kayan na tirela ne. Wani abin da ban sani ba sai da na zauna da takarda shi ne, ƙwallon yana bayan tayoyin baya da kimanin mita 1.2, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma kimanin mita 3 ne. Saboda haka kilo 100 a kan ƙwallo yana ɗage kusan 40 daga gaba ya mayar baya, aksul ɗin baya ya ɗauki 140. Wannan ne dalilin da ake ganin motar da aka cika wa baya hancinta na kallon sama, sitiyarinta ya yi sako-sako, fitilarta na haska idon masu tahowa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau Allah ya tsare. Ina rubuta abin dalla-dalla domin kada in manta yadda ya faru.

Mun yi gwajin farko da kaya daga gona, buhu takwas kacal. Ina can ina sallamar masu sussuka yara suka yi lodi, kuma da yake ƙofar bodin a baya take, sai suka jera buhunan daga tsakiya zuwa baya inda ya fi musu sauƙi. Na zo na ga igiya ta ɗauru tamau, na ja mota. A kan hanyar gona, inda ba a wuce gudun 20, ban ji komai ba. Da muka hau kwalta muka nufi Kwanar Ɗangora na kai 65, a wata 'yar gangara wata tankar mai ta wuce mu. Iskarta na bugun mu na ji bayan motar ya ja hagu, ya dawo dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. A madubi ina ganin gefen tirela yana leƙowa ta nan ya leƙo ta can. Ɗan ƙanwata ya dafe gaban mota yana cewa, "Kawu, birki! Kawu, birki!" Ƙafata ta je kan birkin, amma ban danna ba, domin na karanta cewa birki mai ƙarfi a wannan hali na iya sa tirela ta naɗo ta bugi gefen mota. Na cire ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe ban bi ta ba, mota ta riƙa rage gudu da kanta. Wajen 45 lilon ya lafa. Na gangara gefen titi na zauna kusan minti biyar hannuna na rawa.

Da muka saki bakin daga ƙwallo, da hannu ɗaya yaron ya ɗaga wuyan tirelar da ke ɗauke da sama da tan ɗaya da kwata. A nan na gane laifin. Nauyi ya taru a bayan aksul, babu abin da ke danne wuya, tirela ta zama kamar wutsiya tana kaɗa mota. Muka kwance igiya a bakin titi muka mayar da buhu uku gaba, muka ƙarasa gida da gudun 40 ba tare da ta sake motsi ba. Laifin yara kaɗan ne a ciki, ni ne na tuƙa kayan da ban duba ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na aro sikelin buhu daga wani ɗan kasuwa, na yanka katako daidai tsayin ƙwallon mota daga ƙasa idan an haɗa da kaurin sikelin, na ɗora bakin tirela a kai. Ba kaya, kilo 25. Da buhu goma a shimfiɗe daidai wa daida, 30 kawai. Ashe ko da yara sun yi lodi mai kyau da sauran gyara, domin mai walda ya dasa aksul a tsakiyar bodi cif, kamar ma'aunin mai nama.

Shawarar da na tarar iri biyu ce. Amurkawa na cewa wuya ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, Turawan Turai kuma na aiki da kashi 5 zuwa 7, sai dai su suna taƙaita gudun mai jan tirela. Kashi 10 na tirelata ya haura kilo 150, ƙarfen ja kuwa 100 ya yarda da shi, don haka ta Turai ce ta dace da kayana, da sharaɗin in karɓi ƙarancin gudun da ke tare da ita. Na lissafa cewa matsar da aksul baya da santimita 12 zai kai wuya wajen 90. Mai walda ya yanke maƙalan sifirin ya sake dasa su, 15,000. Wannan karon bai yi gardama ba, yaron ya riga ya ba shi labarin Asabar.

Tun da sikelin na hannuna na auna buhunan. Wanda muke kira buhun kilo 100, matsakaicinsa 104 ya fito, akwai mai 109, saboda masarar ba ta gama bushewa ba kuma ana cika buhu har sai ɗinki ya yi wuya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwaji a filin makaranta da buhu goma. Wuya kilo 90. Na ja layi da farin fenti a cikin bodi daidai saman aksul, na ce wa yara buhu shida gaban layi ko kansa, huɗu baya, kuma na ƙasa su kwanta kafin a hau na biyu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Birki ya ba da matsala biyu. Bayan tafiyar kilomita kamar 15 na taɓa gangunan, ta dama ta yi zafin da ba a iya ɗora hannu, ta hagu sanyi ƙalau. Wayar hagu ta yi tsatsa a cikin rigarta ba ta ja, ke nan taya ɗaya ke birki, wanda zai iya karkatar da tirela a tsayawar gaggawa. Na canza wayoyin biyu a kan 12,000, aka daidaita su, aka kuma wanke boris aka cika sabon giris.

Ta biyun ita ce baya-baya. Wannan baki tsohon yayi ne, in mota ta tura tirela baya sandar na dannuwa birki ya kama, sai an sauko an juya wani ɗan maƙulli da ke hana ta motsi. Haɗarin shi ne a manta a mayar da shi, a hau titi da tirela marar birki ba a sani ba. Na shafa masa jan fenti, na kuma liƙa takarda a gaban sitiyari mai kalma ɗaya: maƙulli.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Tafiyar farko zuwa Dawanau, buhu goma a tirela, huɗu a mota. Na biya ta sikeli, 3,000: aksul ɗin gaba 1,140, na baya 1,460, na tirela 1,480, jimla 4,080. Kowanne na ƙasa da iyakarsa. Yaron ya ce ai akwai wurin buhu ɗaya a mota da ɗaya a tirela, kuma a takarda gaskiyarsa, amma na biyar a mota zai kai ta 2,704 cikin 2,730, baya kuma kusan 1,570 cikin 1,600. Waɗannan lambobi an tsara su ne da sabuwar mota a kan titi mai kyau, tawa kuwa ta tsufa kuma hanyar gona ramuka ce, kowane rami na ninka bugun da sifirin ke sha. Na bar su 14.

Ban wuce gudun 55 ba. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba tankoki da tireloli 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, na ga babu dalilin da zai sa in fi su sauri. Nisan tsayawa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, in gudu ya ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa, shi ya sa na bar tazara mai yawa tsakanina da na gaba, ko da yake masu ƙananan motoci na ta cusa kai cikinta. A gangara na riƙa saukowa giya ta uku maimakon zama a kan birki. Na tsaya sau biyu na taɓa taya da ganguna, ɗumi ne kawai, na kuma ƙara ɗaure notin wili, biyu sun ɗan saki. Mai ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku a kan abin da na saba sha.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An yi sawu uku, buhu 42 sun isa kasuwa, saura 42, wato sawu uku nan gaba. Jimlar abin da na kashe a kan tirela zuwa yau naira miliyan 1 da dubu 370, ban da mai. Wani maƙwabcin gona ya nemi aronta ya ɗauko siminti buhu 30, na ce masa kilo 1,500 ke nan, ita kuma 1,180 ne iyakarta, in ya yarda da buhu 22 kuma ni zan tuƙa, bismillah. Ya ce zai yi shawara.

Abin da ke gabana bayan kaka shi ne ɗora tankin ruwa mai lita 1,000 domin noman rani. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin da kejinsa kimanin 60, da tirela 520, jimla 1,580, yana cikin iyaka. Damuwata ita ce ruwan da bai cika tanki ba, wanda ke tafiya gaba da baya yana sauya nauyin wuya a kowane birki, don haka ko dai a cike ko a wofi za a riƙa tafiya da shi. Ranar Litinin zan kai wa mai walda awon inda za a dasa maƙalai huɗu, tsakiyar tankin ta zauna ɗan gaban farin layi, sannan in sake aro sikelin buhu in auna wuya da ruwa a ciki kafin a yi waldar ƙarshe. Zan kuma sa a rubuta 520 da 1,700 da fenti a gefen wuya, inda mai lodi zai gani.